Inda Malam Ya Bar Allurar Rediyo

Rubuta yadda na faɗa, Rabi, kada ki gyara mini. In kin gama ki karanta wa yayanku Babba, ya ji abin da ya sa na hana shi ɗaukar rediyon babanku, ya daina fushi da ni.

Duk Ƙofar Sauri an san Malam da kunne ɗaya manne da rediyo, yatsa ɗaya a sama. In yatsan nan ya tashi, ko zakara bai isa ya yi cara a gidan nan ba. "Shiru! Ina tunin." Wato yana neman tasha. Tela ne, bai taɓa zama ajin boko ba, amma darasin Turanci na gajeren zango bai taɓa wuce shi ba. Sai dai Turancin da ya zauna masa duk na kiɗa ne. Miya ta yi daɗi, ya ce, "Indo, yau miyar nan da melodi." Gishiri ya zarce, ya ce, "Ta sauka daga tiyun." Har maƙwabta suka sa masa Malam Tiyun, yana amsawa kuwa.

Ni abu ɗaya na yi ta roƙo: ya bar ni in ji gaishe-gaishe a tasharmu ta Hausa, inda ake sa kiɗan ƙwarya. Ya ce, "Wannan ba melodi ba ne, hayaniyar mata ce. In kika murɗa, Turawa suka ɓace, wa zai nemo mini su?" Allurar nan ba hannun da ya taɓa gusar da ita sai nasa.

Batir kuwa a wurin Malam ba ya mutuwa, sai dai ya suma. Ya jera su bisa katanga su sha rana. Na ce, "Haba Malam, waɗannan ai sun gama yi." Ya ce, "Ke ma kina kwantawa da rana. Na jefar da ke?"

Ya ɗaura wata waya daga taga zuwa bishiyar bedi, wai eriya. Ran nan igiyar shanya ta cika, na rataya jiƙaƙƙen zanena a kan wayar. Sai ga shi ya fito da gudu, ba ko hula. Na ce yau na shiga uku, na kai hannu zan sauke. Ya ce, "Kul! Bar shi nan! Turawa sun fito fes!" Daga ranar, in lokacin darasi ya yi sai ya leƙo: "Indo, jiƙa zanen." Zanen nan na atamfa haka ya koɗe, bai je biki ko ɗaya ba.

Da yayanku da ƙaninsa Sani suka yi faɗa kan keke, Malam ya zaunar da su. Ya ce, "Turawa suna da wani abu, hamoni. Murya biyu ce, kowace da hanyarta, amma su tafi tare ba mai danne wata. Shi nake so a gidan nan." Ina bakin murhu na ce, "To ni da kai ina hamonin, tunda tasharka kaɗai ake ji?" Ya dube ni, ya dubi yara, ya ɗaga yatsa. "Shiru! Ina tunin." Rediyon kuwa a kashe take, batiran suna bisa katanga!

Abu ɗaya yake tsoro, badujala da sassafe. In ya ji ta sai ya ce, "Ku shigo da awaki, an yi juyin mulki." To ranar da sojoji za su miƙa wa farar hula mulki, maƙwabta suka cika zaure. Ranar kam ya yarda ya nemo tashar ƙasa. Ana cikin sauraro sai badujala ta tashi. Malam Sule mai nama ya miƙe yana laluben takalmi: "Innalillahi! Sun fasa!" Malam ya ɗaga yatsa, ya karkata kai, ya daɗe yana ji. Ya ce, "Zauna, Sule. Na san tiyun ɗin zuwansu. Wannan na tafiya ne." Aka yi ta dariya har da masu hawaye. Kafin mutane su watse ya mayar da allura wurin Turawansa.

Daminar nan ce ciwo ya kwantar da shi. Ana gobe zai rasu, da la'asar, ya ce in miƙo masa rediyo, in je in dama masa kunu. Da na dawo ya riga ya cire batiran, yadda ya saba. Ya ce, "Ajiye, kada kowa ya taɓa."

Shi ya sa da yayanku ya ce zai kai rediyon gyara, ya kawo mini sabuwa mai kaset, na yi masa tsawa. Mai gyara zai murɗa, ni kuwa ban iya karanta lambobin nan ba, ba zan gane wurin ba har abada. Inda hannun Malam ya bar allura shi ya rage mini.

Da na fita takaba na shanya batiran da kaina. Shekaranjiya na sa su, na ce bari in ji Turawan nan nasa ko da ban san abin da suke faɗa ba. Na kunna. Sai ga ƙwarya na tashi, mata na amshi, mai shiri yana gaida wata Hajiya a Kambarawa. Ke kika duba kika ce ba gocewar hannu ba ce, har zangon sai da Malam ya sauya. Na yi dariya, na yi kuka, har yanzu kukan bai ƙare ba. Bar ni in yi, Rabi, ke dai rubuta.

Ka ji, Babba. Ka riƙe sabuwar, wannan ta ishe ni.

Allah Ka jiƙan Malam, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa. Ka jiyar da shi abin da ya fi duk wanda ya yi ta nema daɗi, in tamu ta zo Ka sada mu. Amin.