Ramukan Da Na Toshe A Shasin Baba

Jama'a, da kun san ni shekarun baya a unguwar New Bell ta Duwala, da kun ce wannan yaro ba shi da damuwa a duniya. Ni ne sarkin surutun layinmu. In na ga ɓera sai in rantse ya kai akuya. Na taɓa gaya wa wani baƙo cewa damshin Duwala, in ka bar cokali a waje, da safe allura za ka tarar. Yanzu kuwa ko dariya ba na iya yi.

Lokacin da kiriz, wato matsin tattalin arziki, ta yi tsanani aka sallami Baba daga ofis. Abin da ya rage mana shi ne tsohuwar kamiyon kakanmu, wato babbar motar kaya, wadda ta daɗe a jingine, kaji na ƙwai a cikinta. Baba ya ce zai tashe ta ya riƙa ɗauko albasa daga arewa. Kawuna, ƙanin Inna, mai walda ne, ni kuma ina koyo a wurinsa. Shi da Baba suka kwance motar kaf, sai shasi, wato ƙashin bayanta. Kawu ya ce fenti ba ya hana tsatsa a garin nan, sai an tsoma shasin cikin narkakkiyar tutiya a wata masana'anta wajen Sodiko. Inna ta sayar da kekenta na ɗinki don wannan aiki.

Kafin a kai, Kawu ya bi duk bututun da ke jikin shasin ya huda ramuka. Ya yi mini bayani, amma hankalina yana wurin ƙwallo. Abokaina suka fara tsokana, wai Babana rariya yake gyarawa, wai albasar ta ƙasa za ta zube kafin a iso unguwar Nylon. Ni da na saba yi wa mutane dariya, na kasa jure a yi mini. Ranar Juma'a da manya suka tafi masallaci, na ɗauki walda na toshe ramukan babban bututun ƙasa, na goge, na shafa ƙasa. Har kirari na yi wa kaina. Ban san ruwan sama ya kwanta a ciki ba.

Ashe ramukan nan hanyar fitar iska da tururi ce. Da aka tsoma shasin, bututun ya fashe kamar bindiga, tutiya ta fantsama ta ƙone wani ma'aikaci a kafaɗa, shasin ya murɗe. Masu masana'antar suka ce ba a huda ba. Baba ya juya kan Kawu a gaban mutane, ya ce ya kashe shi da ganganci. Kawu ya rantse ya huda. Daga baya ya shafa wurin da yatsa, ya gane ɗinkin waldar hannuna, ya dube ni, amma bai tona ni ba. Ni ma, mai bakin nan, ban amsa laifina ba.

Kawu ya tattara ya koma arewa. Inna ta daina yi wa Baba magana sai dole. Baba yanzu dako yake yi a kasuwa, mutumin da ya saba da biro. Sai da na daɗe kafin na faɗa masa gaskiya. Na so ya dake ni, amma tashi kawai ya yi ya ɗauki butarsa. Ya aika wa Kawu ban haƙuri, har yau ba amsa.

'Yan'uwana masu rawar kai, in babba ya yi abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku gyara. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa kafin a ɗora wa wani. Shasin yana nan ƙofar gidanmu a murɗe. Komai na layinmu tsatsa ta ci, ban da gefen da tutiya ta kama. Kullum na fito yana ƙyalli, ya ƙi ruɓewa balle in manta.