Gidan Shanu a Bayan Makarantar Turawa

Ranar wata Litinin ce, mako na uku da buɗe makarantu bayan hutun damina, ina da shekara goma sha ɗaya. Muna tsaye ni da Inna a ofishin shugabar makarantarmu a Yamai, ƙanwata Bilkisu tana goye a bayanta duk da shekarunta bakwai, ƙafafunta suna reto. Shugabar, wata Baturiya mai furfura, tana magana da Turanci a hankali, ni kuma ina mayar wa Inna da Hausa, don ni kaɗai ce tafintarta. Ta ce kullum muna makara, Bilkisu ta yi fashin kwana huɗu, ga yara da yawa suna jiran gurbi. Ta ce ta tausaya mana, amma in wata ya ƙare ba mu daidaita ba, za a ba wasu kujerunmu. Na riƙa juya maganar a bakina, ina neman yadda zan rage mata ɗaci. Inna ta dube ni ta ce, "Faɗa mini yadda ta faɗa, kada ki rage komai." Na faɗa mata.

Mu mutanen Gumel ne. A gidan kakanmu na tashi, babban gida mai sassa huɗu da tsohuwar durumi a tsakar gida, inda muke 'yar carafke da rana, mu yi gaɗa da yamma in an gama wanke-wanke. Aikina shi ne ɗebo ruwa da shara da korar kaji daga shanyar gero. Inna kuwa 'yar Fulanin wajen Sule Tankarkar ce, kuma duk hutu can take kai mu rugar iyayenta, mu sha kindirmo mu bi maruƙa har ƙaya ta cika mana ƙafa. Baba likitan dabbobi ne, duk ranar kasuwa yana Maigatari yana duba shanun da ake shigowa da su daga Nijar. A nan wata ƙungiya mai rigakafin dabbobi ta gan shi ta ɗauke shi aiki a Yamai. Ƙungiyar ta ɗauki nauyin karatunmu a makarantar 'ya'yan ƙasashen waje, wadda ake koyarwa da Turanci, tana kuma da asibitin ma'aikata da iyalansu. Asibitin nan ne ya sa Inna ta yarda ta bar danginta, domin Bilkisu tana da sikila, kuma sau biyu muna fitar da rai da ita a Gumel.

Abin da ba a tanadar mana ba shi ne muhalli. Muka sauka wajen Kawu Sale, wani ɗan uwan Baba mai fataucin fata, a can ƙetaren kogi, mu huɗu a ɗaki ɗaya da akwatunanmu jibge har rufi. Daga nan zuwa makaranta sai an shiga tasi biyu, a kuma haye gadar da ke cushewa da motoci da amalanke da raƙuma masu ɗauke da itace. Ko mun fito da sallar asuba, sai mu tarar an shiga aji. Sanyin kogi da gajiyar hanya suka tayar wa Bilkisu da ciwonta. Ana cikin haka aka tura Baba arewa yi wa garkuna allura, tafiyar mako uku. Da Inna ta gaya masa abin da shugabar ta ce, ta wayar shagon Kawu Sale, na ji muryarsa tana fitowa sama-sama. Ya ce in ba a samu gida kusa da makarantar ba kafin ƙarshen wata, sai mu koma Gumel, shi ya riƙa zuwa da Sallah. Inna ta ajiye wayar. Ta san komawa Gumel na nufin barin asibitin.

Haka muka shiga neman gida, mace da ba ta jin Faransanci ko Zabarmanci, da yarinya, da marar lafiya a baya. Kawu Sale ya haɗa mu da wani dillali, Malam Isufu, mutumin Damagaram, mai wani tsohon babur da ya fi yawan turawa a kan hawa. Kullum in an tashi daga makaranta sai mu bi shi layi-layi har magariba. Unguwar duk manyan gidaje ne masu dogayen katangu da furanni da karnuka, kuma masu su ofisoshin jakadanci suke jira. Wani ya ce sai an biya shekara biyu a dunƙule. Wani ya tambaya ko muna daka, ya ce turmi zai farfasa masa daɓe. Wata mata ta dubi takalmin robar Inna, ta ce an riga an kama gidan, alhali allon haya yana rataye a kan ƙofa. Ni ce nake karɓar kowace amsa daga bakin Malam Isufu ko daga bakin masu ɗan Turanci, in miƙa wa Inna, har na fara jin kamar ni ce nake korar ta. Ta daina cin abinci sosai. Zaninta ya fara yi mata yawa.

Wata la'asar, saura mako guda, ciwo ya kama Bilkisu a ƙofar wani gida da aka hana mu ko leƙawa. Ta sandare tana kuka tana cewa ƙashinta ana sara. Inna ta zauna a ƙasa a gefen titi, ta shimfiɗa mayafinta ta kwantar da ita tana mammatsa mata ƙafafu, motoci masu baƙin gilashi suna wucewa. Maigadin gidan ya fito ya ce mu matsa gaba. Inna ta ɗaga kai ta dube shi, sai hawaye, abin da ban taɓa gani a fuskarta ba, ita da ko a rasuwar mahaifinta ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta ce da ni, "Hauwa, na gaji." A raina a lokacin ina roƙon Allah kada a samu gidan, mu koma Gumel in huta, sai kuma in dubi Bilkisu in ji tsoron abin da na roƙa.

Saura kwana huɗu, muna bin wani lungu a bayan katangar makaranta, Inna ta tsaya cak ta shaƙi iska. Ta ce, "Akwai shanu a nan." Malam Isufu ya ce, "Hajiya, rabu da wannan, ba irin naku ba ne." Ashe gida ne da ya shekara babu ɗan haya. Na wata tsohuwa ne, Hajiya Kumbo, wadda mijinta ya gina shi tun unguwar tana fili. Bayan rasuwarsa ta koma ɗakuna biyu na baya da shanunta uku, ta sa na gaba a haya, da sharaɗin shanu ba za su gusa ba. Duk wanda ya zo ya ji wari sai ya juya. Inna ta buga ƙofar da kanta.

Tsohuwar ta fito, doguwa siririya, tana dogara sanda. Da suka gaisa sai magana ta koma Fulatanci, kowacce da irin nata, amma suna fahimtar juna. Ban yi tafinta ba ranar, na tsaya ina saurare. Hajiya Kumbo ba ta yi laushi ba. Ta ce, "Kowa cewa yake ya yarda, sai ƙuda ya shiga falo a kai ni ƙara." Ta ce wanda ya tashi na ƙarshe har hukuma ya kira mata. Inna ba ta yi rantsuwa ba. Ta roƙi a bar ta ta ga shanun. Da ta duba, ta ga hantsar jar saniyar ta kumbura, shi ya sa take harbi ba ta bari a taɓa ta. Ta sauke Bilkisu a inuwa, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta nemi ruwan ɗumi da ƙwarya, ta durƙusa a cikin kashin shanu tana gasa hantsar tana yi wa saniyar magana ƙasa-ƙasa, har ta tsaya aka tatse ta. Tsohuwar tana kallo. Da aka gama ta ce mu dawo gobe. Muka dawo, ta sake cewa gobe. Inna ta sake tatsa. A rana ta uku, tun kafin mu gama gaisuwa, tsohuwar ta kwance makulli daga bakin zaninta ta ce, "Ki shigo da yarinyar nan daga rana."

Baba ya dawo ya tsaya a tsakar gidan ya daɗe yana kallon turakun shanu, sannan ya sa hannu a takarda. Daga ɗakinmu muna jin ƙararrawar makaranta. In jikin Bilkisu ya motsa, Inna kan je ta goyo ta gida, ta mayar da ita in ya lafa. Ba mu ƙara makara ba.

Ni kuwa shekara huɗu na yi ina jin kunyar gidan. Tun ranar da wata 'yar ajinmu ta toshe hanci ta tambaya daga ina warin ke zuwa, na koma zagaye unguwa kafin in shiga lungunmu, kuma ban taɓa gayyatar kowa ba. Wata rana an tashi, ina tsaye da ƙawayena a bakin ƙofar makaranta, sai ga Inna ta taho da damin harawa a kanta, za ta kai wa shanun Hajiya Kumbo. Ta hango ni ta fara murmushi. Na kau da kai na ci gaba da hira da Turanci.

Yanzu ina koyarwa a nan Gumel, Bilkisu tana aikin haɗa magani a Dutse da 'ya'yanta biyu. Ina ganin masu fita waje aiki suna zaɓen gida a wayar hannu tun suna nan, su ga falo su ga banɗaki, ba su taka ƙafa ko layi ɗaya ba. Inna ta rasu shekara shida ke nan, tana maƙabartar bayan gari. Na san ta ga na kau da kai a ranar, domin da na shiga gida ta zuba mini abinci ba ta dubi fuskata ba. Har ta koma ga Allah ba ta tayar da zancen ba, ni kuma kullum ina cewa sai na samu lokacin da ya dace. Ban samu ba.