Labulen da Ya Je Biki

Shekarar da na koyi taka keke, babu ƙyallen da ya tsira a gidanmu na Wudil. Tsohon keken ɗinki ne da goggona ta bar mini, ni kuwa na ɗauki son duniya na ɗora masa. Ba sana'a nake yi ba, zumuɗi ne kawai. Na yi wa filo riga, na yi wa rediyo riga, har butar alwala sai da na auna ta da ido. Maigidana ya ce tsoron dogon zama yake, kada ya tashi ya tarar an ɗinka masa murfi.

Ana cikin haka ya dawo daga garinsu Lajawa, ya ajiye mini leda a kan keke. "Ga shi, in ji Inna," ya ce, ya wuce masallaci. Inna mahaifiyarsa ce. Ban daɗe da shiga danginsu ba, kuma har lokacin ban san matsayina a wurinta ba, don ba ta da yawan magana. Na buɗe leda, sai ga atamfa turmi guda, shuɗiya mai zanen ganye. Wayyo daɗi! Na ce ashe labarin ɗinkina ya kai Lajawa. Kafin a sallame salla almakashi ya riga ya shige ta.

Labulen ƙofa na fara yi, sai rigunan filo biyu, sai jakar zuwa Islamiyya. Na wuni ina shiga ɗaki ina fita don kawai in ɗaga labulen nan.

Ana saura kwana kaɗan bikin autar su maigidana, wata ƙanwarsa ta kira ni a waya.

"Matar Yaya, kin kai ankon wurin tela kuwa?"

"Wane anko?"

"Atamfar da Inna ta aiko miki mana! Ita da kanta ta ce a sa da ke."

Na kalli labule, yana ta kaɗawa abinsa. Duk matan gidan iri ɗaya za su sa, kuma wannan ne karon farko da aka lissafa da ni. In na je da wata atamfar, cewa za a yi 'yar Wudil ta raina su. Tsoro ya kama ni, sai kuma dariya ta ƙwace mini har da hawaye. Maigida ya ce wai ya zaci na sani. Na ce, "Malam, leda tana magana ne?"

Na zaga kasuwa, aka ce irinta ta ƙare. Na dawo na sauke labule, ya zama zani. Na farke rigunan filo, ɗaya ta zama gaban riga, ɗaya baya. Jaka ta ba da hannuwa, guntayen da suka rage na harhaɗa ɗankwali. Kalmasar da ake zura wayar labule kuwa na bar ta yadda take, na zura mata zariya kamar ta wando.

Ranar biki na lulluɓe da mayafi na raɓe a bayan mata. Amma da aka fara kiɗan ƙwarya sai suka jawo ni fili. Kowacce na rawa tana gyara ɗaurin zani, nawa ko gezau. Na manta da kaina, na yar da mayafi, na cashe son raina.

Sai aka ce Inna na kira. Na je na durƙusa a gabanta. Ta shafa ɗinkin kafaɗata, ta taɓa zariyar ƙuguna.

"Mijinki ya ce ɗakinku babu labule yanzu," in ji ta.

Mata suka tuntsire da dariya har da shewa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ku yi ta dariya," ta ce musu. "Ku tela kuka kai wa. Ita ɗakinta ta tuɓe ta zo mana." Ta jawo ni ta zaunar kusa da ita a tabarma, a nan aka ɗauke mu hoto.

Da za mu tafi ta kira ni gefe, ta miƙo mini leda da wani zaninta a ciki. Wannan karon ba ta ba ɗanta saƙo ba.

"Wannan ba anko ba ne, 'yata," ta ce. "Je ki rufe ƙofarki."