Mabuɗin Rumbun Malam Sada

Mai karatu, tsaya in ba ka wani kacici-kacici. Rumbu ne ba na ƙasa ba, gara ba ta hawansa, mai shi ya rasu ya bar shi a kulle, mabuɗin kuwa yana bakin wata tsohuwa da ba ta san tana riƙe da shi ba. Mene ne mabuɗin? Riƙe amsarka tukuna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 14 ga Maris, 2023, cikin watan Sha'aban, Allah ya karɓi ran Malam Sada marubuci a gidansa da ke Daura, bayan jinya ta kwana tara. Ni Hasana, taubashiyarsa ce, shi ɗan kawuna ne. Karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, in kun ga harafi ya karkace ku yi mini uzuri, mai gyara mini ne ya tafi.

Sada, tun muna ƙanana ni ke da baki, kai ke da alƙalami. In zubo labari a farfashe, kai a nan wutsiya a can, kai kuma ka bi ka ɗinke shi kamar fasasshiyar ƙwarya har ba a ganin tsagar. Dalilin da na laƙaba maka sunan nan ke nan, wanda ka yi shekara hamsin kana rantsuwa ba ka so. Ko a gaban surukanka na kira ka da shi sai ka haɗa rai, ka ce wannan mata ba ta san girma ya zo ba.

Na ga wahalar da ka sha a kan littafi. Ka ɗauki rubutu a jakar leda ka hau motar Kano, maɗaba'a ta riƙe shi damina da rani, ya dawo an juye maka shafi biyu. Ka jibge littattafan a rumfar kasuwa, gara ta riga mutane karantawa. Duk da haka ban taɓa ganin ka hana ɗaliba aro ba, ko ka san ba zai dawo ba.

Da 'yarka Haulatu ta koya maka saka rubutu a waya, ka zo da murna ka ce yanzu littafinka yana yanar gizo. Na ce duk faɗin Daura ka rasa wanda za ka ba ajiya sai gizo? Ashe ni ce a baya. Kowace Juma'a ka saki babi ɗaya, kafin la'asar an karanta a Mashi da Babban Mutum, har da tsallaken iyaka. Matan da ba ka taɓa gani ba suna turo maka faɗa, wai kada ka kuskura ka kashe musu tauraruwa. Wani ya kwafe maka littafi ya goge sunanka, masu karatun ne da kansu suka tasa shi gaba sai da ya mayar. Tsufanka ya yi daɗi, na shaida.

Sai ga shi ka tafi saura babi ɗaya a littafinka na ƙarshe. Ka gaya wa Haulatu ka gama shi yana cikin waya, amma ba ka faɗa mata kalmar buɗewa ba. Ta gwada sunanta, ta gwada na mahaifiyarta, ta gwada sunan unguwa. Ta kai wa Chinonso mai gyaran waya, ya ce zai iya buɗewa amma sai ya wanke ta, komai na ciki ya tafi. Masu karatu suna ta'aziyya suna tambayar babin ƙarshen a kunyace.

Ran sadakar bakwai ina zaune a tsakar gidanka, bakina ya suɓuce na yi maka addu'a da sunan tsokanar nan. Haulatu ta ɗago kai.

"Gwaggo, sake faɗa."

"Ke, ubanki ba ya son sa."

"Gwaggo, don Allah sake faɗa a hankali."

Na faɗa, ta danna, waya ta buɗe. Babin yana nan cif. Na yi dariya har matan zaman makoki suka zuba mini ido, daga baya dariyar ta koma abin da ya kawo mu. Wato Sada, kullum sai ka rubuta sunan nan da hannunka sau ba adadi, kana fita kana haɗa mini rai. Na kama ka, sai dai ba ka nan balle in yi maka tsiya. Juma'ar da ta biyo Haulatu ta saki babin, kuma ba ka kashe musu tauraruwar ba.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Haulatu da 'yan uwanta, da dangi, da masu karatunsa na kusa da na nesa. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Rumbun dai wayar Malam Sada ce. Mabuɗin kuwa Gyartai.