Kofuna Uku a Kan Motar Baba

Jiya na ɗauko wani ɗan Masar daga filin jirgin sama na JFK. Da ya ce shi likita ne sai na rasa sukuni, don Baba ya faɗo mini a rai.

Ba mahaifina ba ne, dattijon da ya koya mini tuƙin tasi ne. Ya yi karatu a Alƙahira yana saurayi. In muna jiran fasinja sai ya jera kofunan shayi uku a kan motarsa. "Wannan asibitin unguwa ne, nan kake farawa. In ciwo ya fi ƙarfinsu su tura ka na biyu, in ya gagara sai babban. A Masar marar lafiya ba ya ɓata, ɗana."

Wata la'asar tari ya sarƙe shi har kofi ɗaya ya faɗi, ƙamshin na'ana'a ya taso daga kwalta mai zafi.

Na ce, "Baba, mu je asibiti."

"Wanne? Nan ban san ƙofar farko ba. Bari a yi Sallah, Masar za ni."

Na san don 'yan Masar kaɗai aka yi wancan tsarin, shi kuwa ba ɗan can ba ne, amma na yi shiru, don ban saba yi masa musu ba. Bai kai Sallar ba.

Shekara biyu shirun nan yana cina. Ni ma kwanan nan ƙirjina yana nauyi, ina ta ɗage ganin likita. Da na sauke fasinjan ban koma layin jiran fasinja ba, asibitin unguwarmu na nufa.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya yafe mini shiruna.