Dabinon da Na Sa Aka Sare

Malam, rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini.

Maigidana ya bi ayarin gishiri zuwa Abzin sau uku muna da ƙuruciya. A tafiyar ƙarshe ya dawo Dakoro da dashen dabino biyu, ƙunshe a jiƙaƙƙiyar tabarma. Ya dasa su a garkarmu ta bayan gida, kusa da rijiya. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai ƙasar gero da ƙaya ina ita ina dabino. Ni na ja musu ruwa har tafin hannuna ya yi kanta.

Da suka girma, ɗaya ta fara haihuwa. Ɗayan kuwa sai tsawo da farin fure, ko ƙwaya bai taɓa ba mu ba. Nakan yi wa maigida tsiya, in ce raggonsa yana shanye mini ruwa a banza. Sai ya yi murmushi ya ce, "Bar shi, kowa da aikinsa." Ba mai yawan magana ba ne. Duk shekara in sanyi ya kusa fita, ina ganinsa ya hau wannan da wuƙa, ya sauko, ya hau waccan. Na ɗauka busassun rassa yake ragewa. Ina bakin turmi, ban taɓa tambaya ba.

Ya rasu da bazara. Da damina bakin rijiyar ya rufta, masu gyara suka nemi itace mai ƙwari. Ni da bakina na nuna musu raggon. Na ce a sare shi, ruwan ya ishi mai haihuwa.

Da sanyi ya zagayo, mai haihuwar ta yi fure kamar kullum. Ƴaƴan suka fito ƙanana, ba ƙwallo a ciki, suka yi ta zuba tun suna kore. Na ce ko ita ma takaba take yi. Na ƙara mata taki, na ƙara ruwa. Shekara ta biyu ma haka.

Sai wani dattijon Buzu, abokin tafiyar maigida, ya ratso ya yi mini gaisuwa. Na kai shi garka. Ya daɗe tsaye kan kututturen, sannan ya ce, "Uwargida, namijin ne kika sare." Ya ce furensa marigayi yake yankowa ya ɗaura cikin nata, garin da ke jiki ya zuba, shi ne take ɗaukar ƴaƴa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ko ranar jana'iza ban yi irinsa ba.

Ya yi alkawarin kawo mini busasshen fure a burgami, ya kuma cika sau ɗaya. Surukina ya hau ya ɗaura, muka samu dabino. Daga nan hanya ta ɓaci da hari, ayari ya sake hanya, ban ƙara ganinsa ba.

Na shuka ƙwallayen wannan shekarar. Uku suka tsiro, awaki suka cinye biyu. Wanda ya rage ya kawo mini ƙugu, kuma Buzun ya ce ba a gane namiji sai ya yi fure. Idona ya dushe, Malam. Ba na jin zan kai ranar.

Bana ma uwar ta zubar da ƴaƴanta. Na share da hannuna, na kai wa awaki.