Malam Isiyaku da Rigakafin Garke

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Malam Isiyaku, Allah ya jiƙansa. Muna yara a Dutsin-Ma, da zarar bazara ta kama, iyaye mata sai su shiga zullumin ƙyanda. Yau jikokina ba su san kamanninta ba.

Malamin lissafi ne a sakandare. 'Yarsa ta fari, Hadiza, ƙyanda ta ɗauke ta tun ba ta cika wata tara ba, wato watannin da ake jira kafin a yi wa jariri allurar rigakafinta. Ina Maraɗi lokacin. Da na zo gaisuwa bai ce mini komai ba sai: "Yaya, wanda bai isa allura ba, wa zai tsare shi?"

Tambayar nan ita ya bi da alli har ƙarshen rayuwarsa. Yakan raba yaran gari gida uku a kan allo: waɗanda cuta za ta iya kamawa, waɗanda ke kwance, da waɗanda suka tsira ko aka yi musu allura. Sai ya lissafa yara nawa mai ƙyanda ɗaya zai shafa wa. In kusan duk yaran unguwa sun sami allura, in ji shi, cutar takan rasa hanyar da za ta bi ta kai ga jariri. Turawa suna kiran wannan kariya da sunan garken dabbobi. A Khartum na ji Larabawa ma garke suke cewa. Faransawa ne kaɗai na ji sun kauce, suka ce ta jama'a.

Shi kuwa Isiyaku ya fassara ta yadda ya same ta a Turanci. Da ma'aikatan lafiya suka nemi ya taya su wayar da kai a Rawayau, mai shela ya zaga kasuwa yana kiran kowa ya fito gobe, akwai rigakafin garke. Da safe sai ga Fulani da shanu sun cika fili, yara kuwa an bar su a ruga. Arɗo ya saurari bayani har ƙarshe, sannan ya ce: "Malam, in yara kake nufi ka ce yara mana. Ko ku Haɓe kun fara kiwon 'ya'yanku ne?"

Isiyaku ya yi dariya har da hawaye. Daga nan ya tambayi Arɗo abin da ke tsare ɗan maraƙin da aka haifa bayan masu allurar dabbobi sun wuce. Arɗo ya ce lafiyar shanun da ke kewaye da shi. Kafin la'asar an kora shanu gida, an dawo da yara a kan babura. Tun ranar Isiyaku bai ƙara cewa garke ba, sai rigakafin maƙwabci.

Da annobar korona ta zo, na ga irin zanensa na allo a wayar kowa, layin yawan masu kamuwa ya hau ya sauka. Da yana raye zai ji daɗi. Na san kuma zai ɓata rai da jita-jitar da ke yawo a wayoyin nan game da allura, ya ɗauki allinsa ya nufi Kurfi ranar kasuwa.

Bai bar littafi ba, ɗalibansa ma kaɗan ne suka bi lissafi. Amma yanzu a ƙauyukan nan, mai jego ba ta jin nauyin tambayar maƙwabciyarta ko an yi wa yaranta allura, maƙwabciyar kuma ba ta ɗaukar tambayar a matsayin cin fuska.